Kama Da Wane Ba Ta Wane

Masu iya magana kan ce kama da wane ba ta wane. Mun daɗe da sanin wannan karin magana, mun sha rubuta ta a jarrabawa, mun fayyace sigarta da ma'anarta har an ba mu maki. Amma ba mu san nauyinta ba sai ranar da wata tsohuwa, wadda ko baƙi ɗaya ba ta taɓa karantawa ba, ta biya mana ita a bakin kogin Kontagora.

Mu huɗu ne, dukkanmu haifaffun Kontagora, unguwarmu ɗaya, jami'armu ɗaya. Uku daga cikinmu Hausa muke karantawa, na huɗun kuwa, wanda shi ne autanmu, ilmin halittu yake yi. A hutun damina na shekarar 2016 aka ɗora wa mu ukun aikin tattaro sunayen tsirrai daga bakin mutanen garinmu. Muka sayi littafin rubutu mai bango baƙi, muka bi zauruka muna cika shi, har muka iso kan naman kaza. A nan ne fa alƙalami ya tsaya. Kowa ya san sunan, wani ya ce naman kaza, wani ya ce naman ƙasa, yara kuma su ce laimar kwaɗi. Amma da muka tambayi iri nawa ne, wanne ake ci, wanne ba a ci, sai kowa ya watsa hannuwa. Gwaggon ɗayanmu ta yamutsa fuska ta ce, "Wannan ai abincin mutanen daji ne. Ku je ku tambayi Kambari." Ita da sigar raini ta faɗa, mu kuwa muka ɗauke ta a matsayin shawara.

Ran kasuwa muka yi ta zagaye har muka dace da wata tsohuwa Bakambara mai sayar da man kaɗanya, ga wani ɗan faifai a gefenta da busasshen naman kaza a kai. Muka durƙusa muka gaishe ta, muka faɗa mata buƙatarmu, muka buɗe littafi muna jiran ta fara lissafo sunaye. Sai ta dube mu, ta dubi littafin, ta yi dariya ta ce, "'Ya'yana, wannan abu ba a faɗarsa a zaune. In da gaske kuke, ku bari a yi ruwa kwana biyu a jere, ranar ta uku ku same ni a mashaya kafin rana ta fito." Tun daga wannan rana Iya muke kiranta, ita kuma in ta so tsokana ta ce da mu 'yan boko.

Marka ta sauka kamar da saninta. Ranar ta uku, muna idar da sallar asuba muka kama hanya, kowa da gorar ruwansa, ɗayanmu da littafi a jaka, autanmu da wayarsa wadda ya cika da hotunan naman kaza iri iri da ya sauko da su daga intanet. Muka tarar da Iya ta riga mu, tana zaune bisa wani dutse da kwando da wata tsohuwar wuƙa da sanda mai tsini. Kogin ya cika ya batse, ruwansa ja wur saboda laka, yana gangarawa yamma inda zai je ya haɗu da Kwara ta wajen Kainji. Ana cewa a bakin ruwan nan ne Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu, ya umarci mutanensa su kwantar da gorunansu don an iso masauki, daga nan sunan garin ya samo asali. Mun sha jin labarin nan tun muna yara, amma ba mu taɓa bin gaɓar kogin fiye da inda muke zuwa wanka ba.

Hanyar 'yar siririya ce, ta masunta da mata masu itace, tana bin ruwa tana kaucewa, wani wuri ta kutsa cikin gamba da ta fi mu tsawo, wani wuri ta fito sarari tsakanin gonakin dawa da masara. Raɓa ta jiƙa mu sharkaf tun ba mu yi nisa ba. Ragon maza na ta kuka a cikin duhuwa, belbelu sun yi fari fat a kan wani malmo da ya sunkuya bisa ruwa. Da muka bar gonaki a baya sai itatuwa suka fara yawaita: kaɗanya da ɗorawa da maje da ɗinya, can gaba kuma doka da kawo. Mai littafi a cikinmu ya riƙa faɗar sunayensu da ƙarfi don Iya ta ji cewa mu ma ba baya ba ne. Har ya ba ta labarin wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya tattara tsirrai a nan ƙasar Kontagora a farkon ƙarni na 20, aka adana su a Ingila, ya kuma wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Iya ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "To, shi Baturen, wa ya nuna masa?" Muka yi shiru, don kuwa sunan Baturen muka sani, ba mu san na waɗanda suka yi masa jagora ba.

Tafiyar Iya ba irin tamu ba ce. Mu sama muke kallo, ita ƙasa take karantawa. Takan tsaya ta shaƙi iska, takan sa sanda ta ɗaga busasshen ganye ta mayar, takan wuce wurin da muke ganin ya dace ba tare da ta waiwaya ba. Mun yi kusan awa biyu ba mu ga komai ba, har mun fara raɗa a tsakaninmu cewa tsohuwa ta fito da mu shan wahala. Tana jinmu ba ta tanka ba. Can sai ta ratse daga hanya ta nufi wani tsohon suri da ciyawa ta lulluɓe rabinsa, ta tsuguna ta yafuto mu da hannu.

Da farko ba mu ga komai ba sai jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai da ta nuna da bakin wuƙa muka lura ƙasar ta tsage a wurare, wasu 'yan kawuna masu tsini suna turowa. Kaɗan gaba kuma ga waɗanda suka riga suka buɗe, sun kai goma sha, launin toka toka, kowanne da ɗan tsini a tsakiyar hularsa. Ɗayanmu ya kai hannu zai fizge, ta buge masa hannu. Ta sa sandar nan ta riƙa tono a hankali a gefen guda ɗaya, tana bin ƙafarsa, ƙafar kuwa ta ƙi ƙarewa, sai sirancewa take yi tana nutsawa cikin ƙasa kamar wutsiyar ɓera, har ta kusa kamu biyu. Da ta zaro shi ta ɗaga mana ta ce, "Kun ga wutsiyar nan? Daga ɗakin gara ta fito. Wannan gara ce ta noma shi. Duk wanda kuka ga ya yi kama da shi amma ba wutsiya, ba tsini a ka, ku bar wa kwaɗi kayansa."

Mun ɗauka salon magana ne irin na tsofaffi da ta ce gara ce ta noma shi. Autanmu ne ya tabbatar mana, cikin mamaki, cewa abin da aka koya musu a aji ke nan. Akwai wani jinsin gara a Afirka da Asiya da ke tauna busasshen itace da ciyawa, ta gina wata saƙa mai kama da ta zuma a cikin suri, ta shuka irin naman kaza a kai. Shi yana narkar mata da abin da cikinta ba ya iya narkarwa, ita kuma tana ba shi ɗaki mai danshi wanda zafinsa ba ya hawa ba ya sauka sosai. In damina ta kankama sai ya huda ƙasa da tsinin nan ya fito don ya watsa irinsa. Ɗan Adam ya iya noma naman kaza iri da yawa a cikin ɗaki, amma wannan na gara har yanzu bai miƙa wuya ga manomi ba, sai dai a bi shi daji. A ƙasar Zambiya akwai ɗan'uwansa wanda faɗin hularsa kan kusa mita ɗaya, mutanen wurin sun gaji cinsa kaka da kakanni, amma sai a 1980 masana suka shigar da shi littafi.

Iya ta ɗebi manya, ta bar ƙanana da waɗanda suka tsufa, ta mayar da ƙasa ta rufe kowane rami da tafin hannu. Muka ce don me ba za a fasa surin a kwashe gaba ɗaya ba? Ta ce, "Wanda ya ba ka tuwo, ba ka rushe masa murhu. Surin nan tun ina da goyon fari nake zuwa wurinsa, bai taɓa mayar da ni hannu wofi ba."

A ƙarƙashin dokoki muka tarar da wasu iri dabam, ja da rawaya da fari, wasu in an karya su har wani ruwa kamar nono ke fita. Mun ƙirga iri goma sha ɗaya, Iya ta ɗauki biyu kacal. Sauran, wasu ta ce suna kisa, wasu ta ce suna sa maye, wasu kuma ta ce ba ta san su ba. Wannan kalma ta ƙarshe ta ba mu mamaki, domin mu a makaranta mun saba ganin faɗarta a matsayin faɗuwa. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ce, "Abin da uwata ba ta sa mini a baki ba, ba na sa wa jikokina. Rashin sani ba abin kunya ba ne, ƙaryar sani ita ke kai mutum kushewa."

Wajen hantsi ya dubi ludayi muka fito wani fili, tsohon mashekarin Fulani, ciyawa ta yi kore shar saboda taki. A tsakiyarsa ga wani abin sha'awa: naman kaza farare tas, manya manya kamar faifai, sun jeru sun yi da'ira kamar 'yan mata a dandali. Ba mu ga masu kyansu ba tun safe. Autanmu ya ruga, ya tsinko ɗaya, ya fito da waya ya gwada shi da wani hoto, ya ce wallahi shi ne wanda Turawa ke soyawa su ci, ga zoben a wuyansa, ga ɓawon nan mai ruwan ƙasa a hularsa, ga ƙasansa fari. Muka leƙa wayar, mu ma muka ga babu bambanci. Iya ko tsugunawa ba ta yi ba. Ta ce, "Yar da shi, ka wanke hannunka."

Gardama ta tashi, kuma gaskiya ita ce mun goyi bayan ɗan'uwanmu. Ɗayanmu ya ce ai ga alamar ƙwari sun ci gefensa, abin da ƙwaro ya ci bai mutu ba mutum ma zai ci. Wani ya ce ya ji in an dafa da cokalin azurfa bai yi baƙi ba to babu dafi. Iya ta bari muka gama zuba, sannan ta ce a ƙauyensu an yi wata amarya da aka auro daga nesa, ta ga irin wannan a bayan garke ta yi miya da shi. Manyan gidan suka kwana suna amai da gudawa, suka tashi da kyar. Yaron da aka yaye a watan bai tashi ba. Ta ce, "Ni na wanke shi." Daga nan ta ɗauki kwandonta ta yi gaba. Muka bi ta jiki a sanyaye, autanmu ya ɗan tsaya a baya, mun ɗauka takalminsa yake gyarawa.

Da rana ta take muka sauka gindin wata ƙatuwar ɗinya a bakin ruwa, muka kwantar da gorunanmu. Muka yi alwala muka yi azahar, Iya kuma ta haɗa 'yar wuta, ta tsire naman kazan gara a tsinke, ta shafa masa man kaɗanya da gishiri da ɗan barkono. Mai karatu, ba za mu ɓoye maka ba, mun ci tsire a wurare da dama, amma ɗanɗanon abin nan ya zauna mana a harshe har yau. Yana da tsoka kamar ƙirjin kaza, ga wani ƙamshi na ƙasar da ruwan fari ya daka. A nan muka gane wanda ya raɗa masa suna bai yi ƙarya ba.

Muna cikin ci ne ɗayanmu ya tambaye ta yadda aka yi mutanensu suka san daji haka. Ta daɗe tana juya tsinke a wuta kafin ta amsa. Ta ce kakarta ta ba ta labarin zamanin da in an ji ƙarar kofaton dawaki sai a bar gari, a bar rumbu, a shige kurmi da duwatsu, a yi wata da watanni ba a hura wutar da hayaƙinta zai tashi sama. A irin wannan zama, in ji ta, wanda bai san abin da ake ci a daji ba yunwa ta kashe shi, wanda ya yi gaggawa kuma dafi ya kashe shi. Ta ce, "Kowane iri da na ce muku yana kisa, sai da ya kashe wani aka sani."

Ba ta ambaci sunan kowa ba, mu ma ba mu tambaya ba, don mun san dawakin daga ina suke fitowa. Mun karanta cewa an naɗa Nagwamatse Sarkin Sudan a 1859, ya kafa Kontagora a 1864, ya rasu a 1876, kuma shi da magadansa sun yi ta kai hare hare ƙasashen Kambari da Gwari da Dukawa da Kamuku har zuwa 1901 da Turawa suka ci garin a zamanin Sarki Ibrahim. Mun haddace shekarun nan muna alfahari da su. Ba mu taɓa tunanin yadda labarin yake ba in an tsaya ta ɗaya gefen kogin. Ashe abin da gwaggo ta kira abincin mutanen daji, wani ɓangarensa kakanninmu ne suka tilasta wa mutane saninsa, sannan jikoki suka zo suna yi musu gori a kai. Iya ba ta nuna ɗaci ba ko kaɗan. Ta miƙo mana tsinke na ƙarshe ta ce mu raba.

Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, muka juyo da sauri. Ruwa ya kama mu a hanya, muka fake a wata bukkar gona. Mai littafi ya ce bari ya duba ko ruwa ya taɓa aikinmu, sai ya tuna tun a mashekari ya ba autanmu jakar ya riƙe. Autanmu ya yi ta noƙewa, har dai aka karɓa aka buɗe. Sai ga fararen nan guda uku a ciki, ya cire musu ƙafa ya kifa su tsakanin shafukan littafin don kada su farfashe. Ya ce, kansa a ƙasa, so ya yi ya kai gida a yi miya, ya tabbatar mana cewa littafi ya fi tsohuwa gaskiya. A gidansu kuwa akwai ƙannensa biyu da ba su isa shiga makaranta ba.

Da aka ɗaga su daga kan takarda sai muka ga abin da ya sa tsikar jikinmu ta tashi. Kowanne ya bar hotonsa a shafin, zagayayye, da layuka kamar haƙoran mataji, launinsa kore mai duhu kamar tsatsar tagulla. Ƙurar irinsa ce ta zuba a tsawon yinin. Autanmu ya ƙura wa shafin ido, ya zauna daɓas a ƙasa. Shi ya fi mu sanin ma'anar abin, domin an koya musu cewa wanda ake ci a Turai farar ƙura yake zubarwa, mai koriyar ƙura kuwa ɗan kama ne mai dafi, wanda ƙasansa fari ne yana ɗanye, sai ya manyanta yake rinewa. Ya san wannan a takarda, amma ɗokin kyan abin da son ya yi nasara a gardama suka rufe masa ido. Iya ta leƙa shafin ta ce, "To, ga shi littafin naku ma ya faɗa." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma shirun nan ya fi mana bulala zafi.

Daga baya mun bincika mun tarar wannan mai koriyar ƙura yana ko'ina a ƙasashe masu zafi, kuma a Amurka ya fi kowane iri yawan kai mutane asibiti, saboda wannan kamar da ta ruɗe mu. Mun kuma tarar gwajin cokalin azurfa da na cin ƙwari duk tatsuniya ce. Akwai ma wani a Turai wanda ya fi shi sharri: dahuwa ba ta kashe dafinsa, ba ya nuna alama sai bayan awa shida ko fiye, mutum ya ga kamar ya warke alhali hantarsa tana lalacewa. Saboda haka duk wanda ya karanta wannan kada ya ɗauke shi jagorar shiga daji. Hoto ba ya isa, bayani a takarda ba ya isa, sai an bi wanda ya sani ƙafa da ƙafa, damina bayan damina.

Abin baƙin cikin shi ne masu sanin suna ƙarewa, dajin ma yana bin su. Mun miƙa aikinmu an yaba, mun yi alkawarin komawa wurin Iya damina mai zuwa, hidimar duniya ta ɗauke mu. Da ɗayanmu ya neme ta a kasuwa bayan shekara uku, sai aka ce ta riga mu gidan gaskiya. Dokoki da kawon da muka zauna ƙarƙashinsu yawancinsu sun zama buhunan gawayi a bakin titi, alhali irin naman kazan da ke fitowa a gindinsu da saiwoyinsu yake rayuwa, in itacen ya tafi shi ma ya tafi. Surin da ya tsaya a gona kuma fasa shi ake yi a zuba masa magani. Sannan ga tsoro ya dawo dajin: a 2021 aka sace ɗalibai a Kagara a watan Fabrairu, aka kwashe 'yan Islamiyya a Tegina a watan Mayu, ƙauyuka da dama suka watse. A da kofaton doki ake saurare, a zamaninmu kuma ƙarar babur ta maye gurbinsa.

Littafin nan mai baƙin bango yana nan wurinmu. Akwai sunaye fiye da ɗari biyu a ciki, da kyakkyawan rubutu, amma in muka buɗe shi, shafin da babu rubutun kowa a kai muke fara nema, mai koren tambari guda uku. Autanmu yanzu malami ne, ya ce duk shekara da labarin shafin nan yake buɗe darasinsa na farko. Mu kuma da muka zaɓi harshe ya zama sana'armu, abin da muka ɗauko daga bakin kogin shi ne sanin sunan abu dabam, sanin abin dabam, kuma sau da yawa na biyun yana hannun wanda muka saba wucewa a kasuwa ba mu gaishe shi ba. Waɗanda suka rage daga cikin irin su Iya ba su da yawa. Wanda duk yake da irinta a kusa, ya kwantar da gorarsa ya zauna ya saurara tun ana iya samunta. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a dazuzzukanmu, amin.